Ɗaukar hoto a fili a Dutse da Jigawa ta Tsakiya

Ɗaukar hoto a fili sana'a ce kuma fasaha ce ta ɗaukar hoton mutane ko na shimfiɗar ƙasa a wajen ɗaki, inda rana ce babbar fitila. Ta bambanta da hoton sutudiyo, wanda mai hoto ke sarrafa fitilunsa yadda ya ga dama. A Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, da sauran ƙananan hukumomin Jigawa ta Tsakiya, wato Birnin Kudu, Buji, Gwaram, Jahun, Kiyawa da Miga, ana irin wannan ɗauka a bukukuwan aure da suna, hawan Sallah, yaye ɗalibai, tarukan siyasa, aikin jarida da adana kayan tarihi.

Abubuwa uku ne suka fi tasiri a kan hoton fili a yankin: rana da ke hawa sama da sauri ta tsaya kusan tsakar ka, ƙurar hunturu, da tazarar haske tsakanin fararen tufafi da fatar da ke da duhu. Don haka yawancin abin da ke sa hoto ya yi kyau ko ya lalace yana faruwa ne a lokacin ɗauka. Gyara a kwamfuta ko a waya, wanda masu sana'ar ke kira editin, yana ƙarasa aikin ne kawai, kuma akwai muhawara a kan inda ya kamata ya tsaya.

Wuri da yanayin ƙasa

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, aka mai da Dutse babban birninta. Garin yana kusa da digiri 11.7 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ya samo sunansa daga jerin duwatsun da ke cikinsa da kewayensa, kuma tsohuwar fadar Sarkin Dutse tana unguwar Garu, a tsakanin duwatsun.

Yankin ya haɗa siffofin ƙasa iri uku. A Dutse da Birnin Kudu da Gwaram akwai duwatsu da suka taso daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ta arewa, wajen Jahun da Miga, akwai jigayi, wato tuddan yashi da jihar ta samo sunanta daga gare su. Sai kuma fadamun kogin Haɗeja, inda ake noman shinkafa da kamun kifi, waɗanda kan cika da ruwa a ƙarshen damina. Itatuwan da suka fi fitowa a hotunan yankin su ne dabino, kuka, gawo, giginya, goruba, ɗorawa da darbejiya. Dutse ta yi suna da dabino: akwai reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR a garin, kasuwar Shuwarin da ke ƙaramar hukumar Kiyawa kuma sananniya ce wajen cinikinsa.

Tarihi

An bayyana wa duniya fasahar hoto a Faransa a 1839. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta kafu a gaɓar tekun Najeriya, inda Jonathan Adagogo Green na Bonny da George Da Costa na Legas suka yi fice. A Afirka ta Yamma hoton mutane ya daɗe yana dogara da hasken rana. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya rasu a 2001, ya ɗauki yawancin hotunansa a tsakar gida, da zane rataye a bayan mutum. Malick Sidibé, wanda shi ma ya yi aikinsa a Bamako, ya riƙa bin matasa har bakin kogin Neja yana ɗaukar su.

A garuruwan arewacin Najeriya, a zamanin fim, mai hoto yakan zaga makarantu da gidajen biki da kyamara a wuya, ya ɗauka, ya kai fim wurin wanki, ya dawo da hotunan bayan kwanaki. Dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke, shi ne asalin da ake sake bugawa daga gare shi. Da yake fim ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36 ne kawai, kuma ba a ganin sakamako sai an wanke, dole mai hoto ya iya karanta haske da idonsa.

Zaman Dutse babban birni ya kawo ma'aikatu da ma'aikata, ya kuma ƙara buƙatar hoto. Daga baya an samu Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da filin jirgin sama da aka buɗe a 2014, wanda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. Bukukuwan ɗalibai, sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Fanisau, da tarukan da ake yi a dandalin Malam Aminu Kano duk wurare ne da masu hoto ke samun aiki.

Zuwan wayar salula Najeriya a 2001, sannan kyamarar dijital da waya mai kyamara, ya sauya sana'ar. Kusan kowa na iya ɗaukar hoto yanzu, kuma hotuna da yawa ba a wanke su, ana tura su ne ta WhatsApp, Facebook da Instagram. Abin da ƙwararre ke sayarwa ya koma sanin haske, iya tsara mutane, da gyara.

Hasken rana a Dutse

A Dutse rana tana fitowa tsakanin kusan ƙarfe 6:00 na safe a watan Yuni da kusan 6:45 a ƙarshen Janairu. Tana faɗuwa tsakanin kusan 5:55 na yamma a tsakiyar Nuwamba da kusan 6:50 a Yuli. Tsawon yini bai cika sauyawa ba, daga kusan awa 11 da rabi zuwa ƙasa da awa 13.

Saboda kusancin garin da tsakiyar duniya, rana tana hawa kusan a miƙe, kimanin digiri 14 zuwa 15 a kowace awa. Lokacin haske mai laushi da launin zinariya, wanda a arewacin Turai kan kai awa guda ko fiye, a Dutse bai cika wuce rabin awa ba bayan fitowar rana da kafin faɗuwarta. Hasken da ke saura bayan rana ta faɗi shi ma minti ashirin da 'yan kai ne. Mai hoton da ya isa wurin aiki a makare ya rasa hasken ranar ke nan.

Sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka da tsakar rana, har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafafunsa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, rana tana karkata arewa da tsakar rana. A sauran shekara tana karkata kudu, kuma a Disamba tsayinta ba ya wuce kusan digiri 55. Wannan ya shafi hoton gine-gine: bangon da ke fuskantar kudu yana samun haske da hunturu, wanda ke fuskantar arewa kuma da damina.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, yana zuwa da hazo. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Hazo yana tausasa haske, inuwa ta yi sauƙi, abin da ke taimakon hoton fuska. Amma yana dusashe abin da ke nesa, sama ta yi fari, launuka su koɗe. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyas, haske ya yi kaifi, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi ta sa abin da ke nesa ya riƙa rawa a hoto. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, ruwa yana wanke ƙura, ana hango nesa, gajimare ya cika sama, gonaki su yi kore shar. Da kaka kuwa ƙasa takan koma ruwan ɗorawa, da dammunan gero da dawa a gonaki.

Kayan aiki da saiti

Masu sana'ar suna amfani da kyamarorin da ake sauya wa ido, irin na Canon, Nikon da Sony, mafi yawan jama'a kuwa da wayoyin Tecno, Infinix, Samsung da iPhone. Idon kyamara, wato gilashin da ke gabanta, ana auna shi da milimita. Mai 50 ko 85 ya dace da hoton mutum domin ba ya karkatar da fuska. Mai 16 zuwa 35 yana kwaso fili mai faɗi. Mai 200 ko fiye yana jawo abin da ke nesa.

Abubuwa uku ne ke tsara yawan hasken da ke shiga kyamara. Na farko faɗin ƙofar haske, wanda ake rubutawa da harafin f: lamba ƙarama kamar f/2.8 tana nufin ƙofa a buɗe sosai, bayan mutum ya dushe, lamba babba kamar f/11 kuma tana sa kusa da nesa su fito tar. Na biyu tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe, kamar 1/250 na daƙiƙa. Na uku ISO, wato yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ta samu. Idan ISO ya yi yawa hoto yakan yi burtsi-burtsi. Duk lokacin da aka ninka haske sau biyu ko aka raba shi biyu, ana cewa an motsa mataki ɗaya. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta dace da ranar Dutse: idan rana ta take, a sa f/16, ISO 100, da lokaci kusan 1/100.

Sauran kayan sun haɗa da mazaunin kyamara mai ƙafa uku, filash, da faifan mayar da haske, wanda farin kwali ko farin yadi kan iya maye gurbinsa. Ƙura da zafi su ne manyan abokan gabar kaya. Sauya ido a fili lokacin hunturu yana barin ƙura ta sauka cikin kyamara, ta riƙa fitowa kamar ɗige-ɗige a sararin sama na kowane hoto. Kyamarori da yawa an ƙera su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 40, don haka barin su cikin rufaffiyar mota da bazara na iya lalata su ko ya rage ƙarfin batir.

Hoton mutane

Babbar matsalar hoton mutum da tsakar rana ita ce hasken da ke saukowa daga sama. Goshi da karan hanci suna ƙyalli, idanu su faɗa cikin inuwa, hula ko rawani ko mayafi kuma su ƙara duhunta fuska. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da mutum a bakin inuwa, kamar ƙofar zaure ko gefen katanga, yana fuskantar fili. Inuwar darbejiya tana da sanyi, amma hasken da ke ratsa ganye yana barin tabo-tabo a fuska, wani lokaci har da ɗan launin kore. Idan babu inuwa, ana juya mutum ya ba rana baya, sannan a mayar masa da haske a fuska da faifai ko filash mai sauƙi.

Matsala ta biyu ita ce farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar cewa duk abin da ke gabansa matsakaicin toka-toka ne. Idan farar babbar riga ta cika hoto, sai kyamara ta rage haske, riga ta yi toka, fuska ta yi baƙi ƙirin. Idan kuma aka ƙara haske don fuska, sai riga ta ƙone ta zama fari fat, aikin zare da ke wuya da aljihu ya ɓace. Abin da ya ƙone ba ya dawowa a wurin gyara, domin kyamara ba ta adana komai a wurin ba. Shi ya sa ake saita haske yadda rigar za ta tsira, a haska fuska da faifai, sannan a ɗaga inuwa kaɗan daga baya.

Hoton jama'a, kamar na dangin ango da amarya, yana buƙatar ƙofa matsattsiya, f/5.6 zuwa f/8, domin layin gaba da na baya su fito daidai. A hawan Sallah da hawan Bariki, dawakai masu sukuwa suna buƙatar lokaci gajere, 1/1000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Ƙurar da kofato ke tayarwa takan yi kyau idan rana tana bayan mahaya, amma takan rage kaifin hoto idan mai ɗauka ya yi nisa.

Tsayuwa da zama a hoto suna bin al'ada. Dattijo yakan zauna a tsakiya, yara a ƙasa ko a gefe. Mutane da yawa, musamman manya, sun fi son fuska a natse maimakon dariya, domin hoton da za a rataye a falo ko a buga a kalanda ana ɗaukar sa a matsayin shaidar kamala.

Hoton shimfiɗar ƙasa

Duwatsun Dutse suna fitowa a shafe idan aka ɗauke su da tsakar rana, domin babu inuwar da za ta nuna tsagu da tuddai. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, hasken da ke zuwa daga gefe yana fito da siffarsu. Sanya wani abu a gaba, kamar bishiyar dabino, garken shanu ko mai keke, yana nuna girman dutsen. Daga saman duwatsu ana iya ɗaukar garin gaba ɗaya, kuma an fi samun hakan a sarari kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama.

Hazo ma yana da amfaninsa. Yana sa jerin duwatsu ko itatuwa su fito hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa da haske. Yana kuma rage ƙarfin rana har a iya ɗaukar ta kamar faifai ja ko fari kafin ta faɗi. Sanin itatuwa na taimakawa wajen zaɓen lokaci: kuka tana zubar da ganye da rani, rassanta su tsaya tsirara, gawo kuwa akasin haka yake, yana kore da rani, ya zubar da ganye da damina.

A wuraren ruwa, kamar madatsar ruwa ta Warwade kusa da Dutse da fadamun Jahun da Miga, ruwa ya fi kwanciya da sassafe kafin iska ta taso. Akwai gilashi na musamman da ake ɗaura wa idon kyamara don rage ƙyallin ruwa da ganye. Ana kuma kula da layin da sama ta haɗu da ƙasa, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko ɗan karkata kaɗan yana bayyana.

Hoton ƙasa yana zama shaida a lokacin bala'i. Ambaliyar 2022 ta shafi ƙananan hukumomin Jigawa da dama. Hoton ambaliya a Auyo, da ke masarautar Haɗeja, wanda Sani Maikatanga na Kano ya ɗauka, shi ne ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023, wadda takenta ya shafi yanayi.

Zanen duwatsu na Birnin Kudu

A Birnin Kudu, kudu da Dutse, akwai tsofaffin zane-zane a jikin duwatsu, a wurare irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Yawancinsu siffofin shanu ne. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke ba da amo idan an buga su. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa.

Zanen yana ƙarƙashin rumfunan dutse, kuma launinsa ya koɗe. Ana ɗaukar sa ne da hasken inuwa, kyamara a kan mazauni, tana fuskantar bangon a miƙe, tare da ma'auni a gefe don nuna girma. Filash kai tsaye yana sa dutse ƙyalli ya ɓoye zanen. Jiƙa zane da ruwa ko bin sa da alli don ya fito a hoto yana lalata shi. Masu bincike suna amfani da manhajar DStretch, wadda Jon Harman ya ƙirƙira a 2005, domin fito da launin da ido ba ya iya gani. Hoton da ta fitar launinsa ba na gaskiya ba ne, don haka ana ajiye shi tare da na asali.

Gyaran hoto

Gyara yana farawa daga irin fayil ɗin da aka ɗauka. Fayil ɗin JPEG yana adana matakan haske 256 a kowane launi, kuma kyamara ta riga ta sarrafa shi. Fayil ɗin RAW, a kyamarori da yawa, yana adana matakai 4,096 ko 16,384, don haka ya fi jure ɗaga inuwa da gyara launi, sai dai ya fi cin wuri a memori.

Manhajojin da aka fi sani su ne Photoshop, wadda ta fito a 1990, da Lightroom ta 2007, dukansu na kamfanin Adobe. A waya akwai Snapseed, wadda Google ta saya a 2012, da Remini, mai amfani da ƙirƙirarriyar basira. GIMP da darktable kyauta ne.

Gyara yakan bi wannan tsari. Da farko a zaɓi hotuna masu kyau a ware sauran. Sai a daidaita karkata a yanke gefen da ba a so. Sai a gyara launin haske, wanda ake aunawa da ma'aunin Kelvin: hasken tsakar rana kusan 5,500 ne, inuwa takan haura 7,000 ta ba da shuɗi, faɗuwar rana kuma kusan 3,000 ce, mai ja. Farar riga a cikin hoto tana zama ma'auni, domin idan ta fito fari, sauran launuka sun kusa daidai. Bayan haka a rage wuraren da suka yi haske da yawa, a ɗaga inuwa, a goge ɗigon ƙura, daga ƙarshe a ƙara kaifi kaɗan.

A hotunan hunturu akan yi amfani da maɓallin cire hazo. Kaɗan daga cikinsa yana dawo da launi, amma idan ya yi yawa sama takan yi datti, gefen duwatsu ya yi zobe mai haske. A hotunan damina kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara launi har kore ya zama kamar fenti.

Hoton da za a wanke yana buƙatar kusan ɗigo 300 a kowane inci, wato mai inci 5 da 7 yana son ɗigo 1,500 da 2,100. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi yadda aka saba, shi ya sa hoton da aka wanke daga irin wannan turawa kan fito a dushe. Tura shi a matsayin fayil yana kiyaye ingancinsa.

Muhawara kan iyakar gyara

Gyaran da ya fi jawo magana shi ne na fata. Filtoci da manhajojin waya da yawa suna haska fata su shafe ta kamar roba, wasu abokan ciniki kuma su ne ke neman hakan, musamman a hotunan biki. Masu suka suna ganin wannan yana ƙarfafa tunanin cewa hasken fata shi ne kyau, tunanin da ke tura mutane ga mayukan bilicin. Akwai bambanci tsakanin haska fuskar da inuwa ta rufe da sauya launin da aka halicci mutum da shi. Wata ƙa'ida da masu gyara ke bi ita ce a cire abin da zai tafi da kansa, kamar ƙurji ko gumi, a bar abin da ke dawwama, kamar launin fata, tsagar gado da tabon sallah.

Matsalar tana da tushe a fasahar kanta. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin wankin hoto da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, abin da ya sa baƙar fata ba ta fitowa daidai. A 2022 Google ta fara amfani da ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Farfesa Ellis Monk domin rage irin wannan gibi.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara tsohon hoto ba sa dawo da abin da ya ɓace. Suna ƙirƙiro ido da haƙori da fata ne bisa hasashe, don haka fuskar kakan da aka gyara na iya zama ba tasa ba. Haka nan sauya sararin sama, kamar ɗora shuɗin gajimare a kan hoton hunturu, yana ba da labarin ƙarya game da lokaci da wuri. A hoton ado wannan zaɓi ne tsakanin mai hoto da mai biya. A aikin jarida da adana tarihi kuwa ba a yarda a ƙara ko a cire wani abu ba. A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida.

Doka da al'ada

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare hoto na tsawon shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. A ƙa'ida haƙƙin na wanda ya ɗauka ne. Sai dai wanda ya biya aka ɗauke shi don amfanin kansa ko na iyalinsa yana da ikon hana a wallafa hoton, in ba an yi wata yarjejeniya ba. Wannan ya shafi masu hoton da ke ɗora hotunan amare a shafukansu don talla. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 su ma sun kare sirrin mutum. Tun 2016, tashin jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

A al'adar yankin ana neman izini kafin a ɗauki mutum, musamman matan aure da 'yan mata. A ƙauye akan fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci. A wasu gidaje ba a barin namiji ya shiga ɓangaren mata, abin da ke buɗe wa mata masu hoto ƙofar aiki. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoton kyamara: wasu sun taƙaita shi ga lalura kamar fasfo da katin shaida, wasu sun halatta shi muddin abin da aka ɗauka halal ne. Hotunan kafin aure, inda saurayi da budurwa ke fita fili tare, suna shan suka daga malamai da iyaye da dama. Ɗaukar almajirai, marasa lafiya ko waɗanda bala'i ya shafa ba tare da yardarsu ko ta waliyyansu ba yana tauye mutuncinsu, ko da niyyar mai ɗauka ta alheri ce.

Adanawa

Dutse ta sauya ƙwarai tun 1991: gonaki sun zama unguwanni, ana kuma fasa wasu duwatsu don gini. Hoton da aka ɗauka da kwanan wata da sunan wuri yana zama ma'aunin wannan sauyi. Hotunan takarda suna lalacewa da zafi, danshi da gara, na dijital kuma suna ɓacewa idan waya ta ɓata ko memori ya mutu. Shi ya sa ake ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya, a kuma riƙe fayil na asali dabam da wanda aka gyara. Gasannin Wiki Loves Africa, Wiki Loves Earth da Wiki Loves Monuments suna ba masu hoto damar ɗora ayyukansu a rumbun Wikimedia Commons, inda ɗalibai da masu bincike ke amfani da su kyauta bisa sharuɗɗan lasisin da mai hoton ya zaɓa.

Duba kuma

Dutse
Jihar Jigawa
Masarautar Dutse
Birnin Kudu
Hunturu
Hawan Sallah